Sunaye Bakwai da Na Karanta a Rumfar Lakwal

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin jinya a Magariya, akwai wata ranar Alhamis da ta ƙi fita raina, ranar da na tsaya a rumfar wata lakwal, wato makarantar boko, gaban iyayen yara na karanta sunaye bakwai da babbar murya. Ku da kuka shigo aikin nan a baya-bayan nan, kuna ganin furfurata kuna zaton ban taɓa yin ɓarna ba, gara ku ji labarin daga bakina tun kafin in ajiye aiki.

Lokacin ni ne majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, a ɗaya daga cikin gidajen likita na cikin gari. A farkon Nuwamba, an gama girbi yara sun zauna a lakwal, babban likitanmu ya aiko in same shi a buro, wato ofishinsa. Na tarar da baƙuwa, wata likita matashiya daga Yamai mai suna Mariyama. Ya ce bincike ta zo yi a kan yaran lakwal na cikin gari, kuma tunda Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da cinikin kasuwa ba, ni zan zama tafintanta har ta gama.

Abin da take nema, da Faransanci ana taƙaita sunansa da haruffa huɗu, TDAH. Yanayi ne da wasu yara ke tasowa da shi. Hankalinsu ba ya tsayawa kan abu ɗaya, jikinsu ba ya yarda da zama, kuma sukan aikata abu kafin su yi tunaninsa. Ba hauka ba ne, ba daƙiƙanci ba ne, ba kuma laifin tarbiyyar gida ba ne. Ni kaina ban san shi ba sai a wannan zaman, don a makarantar da muka yi zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da gudawa aka cika mana kai da su.

Tsarin aikin mai sauƙi ne a takarda. Akwai tambayoyi goma sha takwas, rabi kan tattara hankali, rabi kan yawan motsi da gaggawa. Malamin aji zai cika takarda ɗaya a kan kowane yaro, mu kuma mu tambayi uba ko uwa mu cika ta biyu. In amsoshin biyu suka haɗu suka kai wani matsayi, sai a ware yaron. Likita Mariyama ta nanata mini cewa wannan tankaɗe ne kawai, takardar ba ta cewa yaro yana da abin. Yunwa, ƙarancin jini, kunnen da ba ya ji sosai, rigimar gida, kowanne yana iya sa yaro ya tsaya a rariya. Sai a zagaye na biyu, in ta dawo da wani ƙwararre, za a zauna da kowane yaro a duba shi da kyau. Na ce na gane. Na kuwa gane, shi ya sa ba ni da inda zan ɓuya.

Lakwal ta uku da muka je tana bayan tasha. A aji na huɗu, wanda muke kira CE2, muka sami malamin ajin, Mushe Sanusi, dattijo mai tsabta, ya daɗe yana koyarwa. Ajin ya cika har wasu yara na zaune ƙasa kan tabarma. Da na karanta masa tambayoyin, tun ban kai ta biyar ba ya yi murmushi ya nuna wani yaro da bakin alli, ya ce in dai wannan ake nema, ba sai an ɓata takarda ba.

Laminu ke nan, ɗan shekara tara, siriri, mai ido kamar na tsuntsu. A gaba yake zaune, dab da teburin Mushe, inda bulala za ta iske shi ba tare da an tashi ba. Cikin ɗan lokacin da muka yi a ajin ya miƙe sau uku, ya amsa tambayar da aka yi wa wani, ya kwance bik ɗin maƙwabcinsa, wato bironsa, ya mayar da shi. Mushe ya ce kullum sai ya dake shi, wani lokaci sau biyu, amma a lissafin ka babu wanda ke riga shi, in dai ka kama shi kafin hankalinsa ya tashi. Da aka fita shan iska na tarar da shi tsugune gaban motota, wato babur ɗina. Ya ce mini, ba ko sallama, tun shigowata ya ji ƙararta, bujinta, wato filogi, ya kusa mutuwa. Na tambaye shi inda ya koya, ya ce babansa Malam Ila ne, mai gyaran moto a bakin tasha. Kafin in sake magana ya ruga wajen masu ƙwallo.

Mun yi mako guda muna bin gidaje da rumfunan sana'a muna cika takardun iyaye. A wannan lakwal yara bakwai suka tsaya a rariya, Laminu na cikinsu. Aka sa ranar Alhamis a tara iyaye a yi musu godiya da bayani.

An taru a rumfar kara da ke tsakar lakwal, maza a gaba kan benci, mata a baya. Yara kuma sun yi cincirindo a tagogin ajujuwa suna leƙe, ba wanda ya kore su. Likita Mariyama ta yi jawabi da Faransanci ina fassarawa, komai na tafiya daidai, har wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce su fa ba su gane ba, wannan abin ciwo ne ko hali ne, kuma a ina yake a jikin yaro. Ta ba da amsa mai tsawo, mai taka-tsantsan, ta yi maganar yadda kowane yaro ke da irin tasowarsa. Ni kuwa rana ta yi, akwai wata lakwal tana jiranmu, kuma na ga idon mutane ya fara gajiya. Sai na dunƙule maganarta duka na ce: "Wata ƴar matsala ce a ƙwaƙwalwa."

Na ji rumfar ta yi tsit, amma ban ɗauki abin komai ba. Tsarin da aka yi shi ne a aika wa iyayen yaran nan bakwai a ɓoye, kowa ya zo gidan likita a ranarsa. Na ga wannan zai ci mana kwanaki, ga su kuma duk a zaune. Na ce wa Likita Mariyama bari in tsayar da su yanzu mu huta. Ta ce in na ga ya dace, ni na san mutanena. Na ɗaga takarda na ce iyayen yaran da zan kira su dakata bayan an tashi. Na karanta sunaye bakwai, kowane da sunan ubansa. Da na kai kan Laminu Ila sai dariya ta tashi daga tagogi.

Malam Ila mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ya zo da kayan aikinsa, baƙin mai har gwiwar hannu. Ya jira sauran suka gama tambayoyinsu, sannan ya matso ya tsuguna, ko da yake ga benci.

"Majo, na ji bayani. To mene ne maganin?"

Na fassara. Likita ta ce ba a kai nan ba tukuna, sai an sake duba shi a tabbatar. Ko an tabbatar ma, ba da ƙwaya ake farawa ba, da gyaran yadda ake bi da yaro a gida da aji ake farawa, kuma irin maganin da ake bayarwa a wasu ƙasashe babu shi a nan. Na mayar masa da wannan a gajarce. Ya tambayi yaushe za a dawo, na ce bayan hutun ƙarshen shekara in Allah ya so. Ya yi godiya, ya tashi ya tafi.

Ba a dawo ba. Ba na ɗora wa Likita Mariyama laifi. Ta kira ni sau biyu a waya, ta ce waɗanda suka ɗauki nauyin aikin sun tsaya a zagaye na farko, tana neman wata hanya. Daga baya ita ma aka tura ta aiki wata jiha mai nisa. Ni kuma rigakafi ya taso, aikin yau da gobe ya rufe ni, takardun yaran suka kwanta a kabad.

Sai a cikin Maris, zafi ya fara, wata mata ta kawo jaririnta awo. Da aka gama ta ƙi tashi, ta ce da majo take son magana. Ta ce ita ce Zuwaira, uwar Laminu. Ta yi magana kanta a sunkuye, tana gyara goyo. Tun ranar taron, in ji ta, yara suka sa masa suna Ƙwaƙwalwa, har manya sun kama. Maƙwabciyarsu ta hana ƴaƴanta shiga gidan, wai kada ya ji musu ciwo, alhali tare suka tashi. A gidan suna an ce mata dama ana ganin alamar abin tun yana rarrafe, wata ta tambaye ta ko a danginsu ne ko a na mijinta. Amma ba wannan ya kawo ta ba. Ta ce yaron ya yi sanyi, sanyin da ba ta so. Ba ya gudu, ba ya cin abinci sosai, jiya ya faɗi a bakin rijiya ba wanda ya ture shi. Na tambaye ta ko ana ba shi wani abu. Ta ce wannan sai dai in tambayi babansa.

Washegari da hantsi na je lakwal. Na duba gaban aji ban ga Laminu ba. Mushe Sanusi ya nuna mini can ƙarshe, jikin bango. Yana kife da kai a kan tebur. Mushe ya ce tun ranar da muka ce yaron ba shi da lafiya bai sake ɗora masa bulala ba, yana ma neman gafarar Allah kan wadda ya yi a baya, don ba zai so ya tashi gobe da haƙƙin mara lafiya a wuyansa ba. Ya mayar da shi baya ne don ya huta, ba ya tambayarsa komai, ba ya duba kayensa, wato littafin rubutunsa. Ya ƙara da cewa ai ga shi nan ya natsu, ko maganin da muka ba shi ne. Da zuciya ɗaya ya faɗi wannan, yana ganin alheri ya yi.

Na fito da yaron inuwar bishiyar bedi. Tafiyarsa kamar ta wanda ya tashi daga jinya, harshensa ya yi nauyi, fatar idonsa na faɗowa. Na ɗaga masa yatsa na ce ya bi shi da ido, ya bi a hankali. Na tambaye shi abin da yake sha da safe, ya ce kunu, Baba na murmusa masa rabin ƙwaya a ciki. Na tambaye shi yaya lakwal.

"Da Mushe yana dukana," ya ce. "Yanzu ko sunana ba ya kira."

Daga nan bakin tasha na nufa. Na sami Malam Ila a rumfarsa ya kwance injin wata moto. Na ce ina son ganin ƙwayar. Bai yi musu ba, ya ciro ta daga aljihu a ƙulle cikin leda. Na gane ta nan take, ƙwayar sa barci ce da muke ba manya da lissafi, ita ma sai da takardar likita. Ya ce a kasuwar kan iyaka ya saya wajen mai tallar magani, ya yi masa bayanin yaron, shi kuma ya ce wannan ce ake ba masu irin ciwon. Raina ya ɓaci, na fara yi masa faɗa gaban yaransa na aiki, na ce zai iya kashe ɗansa da hannunsa. Ya bar ni na gama. Ya goge hannu da tsumma, bai ɗaga murya ba.

"Majo, shekara tara ina zaune da yaron nan, ƙiriniya na sani. Ni ma haka na tashi, ubana ya sha fama da ni. Ku kuka zo kuka ce ciwo ne, a gaban gari. Na tsuguna na tambaye ka magani, ka ce babu, a jira. Na jira. Kullum ya dawo da kuka an kira shi mahaukaci. In zuba masa ido?"

Na zauna kan wata tsohuwar taya, na ce masa kuskuren nawa ne, ba a taɓa tabbatar da cewa Laminu yana da wani ciwo ba, kalmar da na faɗa a rumfa ba ita likita ta faɗa ba. Ya dube ni ya ce to in je in tara mutanen in gaya musu haka.

Na fara da abin da na iya. Irin wannan ƙwaya in jiki ya saba da ita ba a yanke ta rana ɗaya, sai a bi a hankali. Na kai maganar ga babban likita, ya tsara yadda za a rage ta, Zuwaira tana kawo shi duk bayan kwana uku ina dubawa. Ya sha wahala, barci ya ƙaurace masa, hannunsa na rawa, yana fushi ba dalili. Cikin makonni kaɗan jikinsa ya dawo, idonsa ya buɗe. Mun auna jininsa muka ga ya yi ƙasa, muka ba shi maganin ƙarin jini. Na bi sauran gidaje shida. Ba a ba kowa ƙwaya ba, amma an riga an cire yarinya ɗaya daga lakwal an kai ta wajen kakarta a Bande, wai ta huta da bakin mutane.

Taron kuma na kira shi. Diraktan lakwal ya aika wa iyaye, amma waɗanda suka zo ba su cika benci biyu ba, yawancinsu ma iyayen yaran nan ne. Na yi bayani dalla-dalla, irin wanda ya kamata in yi tun farko. Suka saurara, suka ce Allah ya kyauta. A gari kuwa abin da aka ɗauka shi ne majo ya zo yana rufa wa Malam Ila asiri.

Na zauna da Mushe Sanusi ma. Na gaya masa abin da na koya daga Likita Mariyama: a dawo da yaron gaba, a riƙa ba shi aiki gajere-gajere, a sa shi goge allo da raba kaye don ya sami dalilin tashi, a yaba masa in ya yi daidai. Dattijon ya karɓa, ya kuwa gwada. Ya gaya mini ranar farko da ya kira sunansa ya fito allo, ajin duka ya ɗauki "Ƙwaƙwalwa, Ƙwaƙwalwa" ƙasa-ƙasa. Laminu ya jefi wani da allon hannu ya fasa masa goshi. Uban wancan yaron ya zo da fushi ya ce ba zai bar ɗansa aji ɗaya da mai taɓin hankali ba. Da can in Laminu ya yi faɗa, faɗan yara ne, a yi masa bulala a wuce wurin. Yanzu komai ya yi sai a ce ciwon ne ya motsa.

Bai ƙarasa shekarar ba. Ba korarsa aka yi ba, shi ya ƙi zuwa. Malam Ila ya dake shi, ya lallashe shi, ya kai shi da kansa har bakin aji, kafin ya koma rumfa yaron ya riga shi isa. Da damina ta faɗi aka bar maganar. Na je gidan sau biyu da shawarar a sauya masa lakwal, Malam Ila ya ce garin guda nawa ne, sunan ai ya riga shi zuwa. A zuwa na biyu ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya ce don Allah in bar su haka, duk zuwan da na yi sai unguwa ta ce jikin yaron ne ya tashi. Ban sake komawa ba.

Yanzu Laminu ya zama saurayi. Ya bar Magariya, yana wajen wani kawunsa a Mallawa, suna ɗaukar kaya zuwa kasuwannin ƙetare. Uwarsa takan zo awo da ƙannensa. Ta ce yana lafiya, yana da ƙoƙarin nema, sai dai ba ya son zuwa gida ko da salla, kuma karatun da ya ɗan iya ya zube. Mushe Sanusi ya ajiye aiki bara. Mun haɗu a wata jana'iza, ya riƙe hannuna ya ce cikin duk yaran da suka bi ta hannunsa wannan ne yake yawan tunawa, don bai san wanne ya fi cutar da shi ba, dukan ko barin dukan.

Ba ina ce muku tantance yara ba shi da amfani ba. Akwai yaran da ke shan bulala shekara da shekaru kan abin da ba su da iko a kansa, kuma sun cancanci a gane su. Amma duk wanda zai aike ku da takardar tambayoyi, ku tambaye shi tun a buro: wanda muka ware, wa zai duba shi, yaushe, kuma me za mu ce wa ubansa in ya tambayi magani? In babu amsa, ku faɗa masa a nan, kada ku bari sai kun tsaya gaban mutane. Kuma ku sani tafinta ma ma'aikacin lafiya ne. Mun saba auna ƙwaya da allura, mu duba sau biyu kafin mu bayar, amma magana mukan sake ta yadda ta zo bakinmu don rana ta yi. Mutanenmu suna ɗaukar maganar mai farar riga da nauyi fiye da yadda muke zato. Malam Ila bai yi abin da ya yi don rashin kula ba, ya yi ne don ya yarda da ni.

Wani daga cikinku ya taɓa tambayata, da na ba shi labarin nan a gajarce, ko a ƙarshe yaron yana da TDAH ɗin. Na ce masa ban sani ba. Wataƙila yana da shi, wataƙila ƙarancin jini ne da aji mai cunkoso, wataƙila ɗan ubansa ne kawai. Ba wanda ya taɓa zama ya duba shi. Mun raba yaro da lakwal da unguwarsu a kan ciwon da har yau ba a ce yana da shi ba.